Idan ɗanku ya girma kuma ciwon baya ya ƙi sakinsa: yadda iyaye za su sa baki a maganar magani

Ciwon bayan da ya haura wata uku bai tafi ba shi ne likitoci ke kira mai daɗewa, kuma kusan daidai lokacin ne hankalin iyaye ke tashi. Yaro ya zama magidanci, yarinya ta zama uwa, amma kuna kallon yadda ake dafa ƙugu kafin a miƙe tsaye. Daga nan sai saɓani ya shigo. An ce a yi tiyata ya ƙi, ko shi ne ya kafe sai an yi. Ko kun ga wata ƙwaya a jakarsa da ba ku yarda da ita ba, ko ya bar asibiti ya koma wajen mai tausa.

Hukuncin ƙarshe nasa ne. Shi zai sa hannu a takardar tiyata, kuma likita ba zai buɗe muku bayanansa ba sai da yardarsa. Amma abin da ya rage a hannunku ba kaɗan ba ne, muddin kun san abin da kuke faɗa. Sai dai akwai wani abu mai ɗaci da ya kamata a haɗiye tun farko: yawancin abin da tausayi ke raya wa uwa ko uba, wato ya kwanta ya huta, a ɗauki hoto, a ba shi magani mai ƙarfi, a yi aiki kowa ya huta, shi ne akasin abin da ke taimakon mafi yawan masu wannan ciwo.

Alamomin da ba a jira da su

Nan ne kaɗai kuke da damar matsa masa lamba ba tare da lallashi ba. A can ƙasan ƙashin baya akwai tarin jijiyoyin da ke kula da mafitsara, dubura, al'aura da ƙafafu. Idan wani abu ya danne su, sa'o'i ne ake ƙirgawa, domin jinkiri na iya barin lahani na har abada. A tafi sashen gaggawa a ranar, ko da tsakar dare ne, idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba, idan ya kasa riƙe bayan gida, idan tsakanin cinyoyinsa da mazaunai sun mutu ba ya jin taɓi, ko ciwo da rashin ƙarfi sun sauka ƙafafu biyu lokaci guda. Waɗannan abubuwa ne da ɗa ke jin nauyin faɗa wa iyayensa, don haka kada ku tsaya tambaya. Ku faɗa masa jerin sau ɗaya, ku ce: "Ba sai ka gaya mini ba, amma in ka ga ɗaya daga ciki, ka tafi asibiti nan take."

Akwai waɗanda ke buƙatar ganin likita cikin kwanaki kaɗan: zazzaɓi tare da ciwon, rama ba dalili, gumin dare, tarihin ciwon daji ko tarin fuka (tarin fuka na kama ƙashin baya), faɗuwa ko haɗari kafin ciwon ya fara, ƙafar da ke ja a ƙasa saboda ya kasa ɗaga tafinta, da ciwon da ba ya lafawa ko yaya ya kwanta. Wani nau'in kuma yakan ɓuya shekaru ba a gano shi ba: ciwon da ya fara kafin shekara 45, bayan ya sandare da safe fiye da minti 30, ya tashe shi a ƙarshen dare, ya yi sauƙi idan ya motsa, ya tsananta idan ya huta. Wannan na iya zama kumburin gaɓoɓin ƙashin baya, kuma maganinsa daban ne. Likitan cututtukan gaɓoɓi ake nema.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, to ku sassauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙasan baya ba a iya danganta shi da wata cuta takamaimai. Hakan ba ya nufin ciwon ƙarya ne. Yana nufin ba wani abu da ya karye ko yake ruɓewa.

Hoton MRI

Iyaye da yawa kan ɗauka likitan da bai tura a yi hoton MRI, wato hoton da na'ura ke ɗauka na cikin jiki, ba bai san aikinsa ba. Sau da yawa shi ne ya fi sani. A 2015 an tattara binciken da aka yi kan mutanen da bayansu lafiya lau yake, ba sa jin komai, aka duba hotunansu. Cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin 100 an ga faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya fara zaizayewa, kashi 30 kuma an ga ya kumburo waje. Cikin 'yan shekara 80, zaizayewar ta kai kashi 96. Kamar furfura ce: shekaru take nunawa, ba lallai cuta ba.

Illar hoton da ba a buƙata ita ce tsoro. Mutum ya karanta sakamako ya ga kalmomi masu ban tsoro, sai ya daina sunkuyawa, ya daina ɗaukar komai, tsokoki su yi rauni, ciwo ya ƙaru. Wani lokacin ma a yi tiyata a kan abin da ba shi ke kawo ciwon ba. Hoto yana da amfani idan akwai alamar haɗari, ko idan sakamakonsa zai canza abin da za a yi, misali ana shirin tiyata. In an riga an yi, tambayar da za a yi wa likita ita ce: abin da aka gani ya dace da wurin da yake jin ciwon da kuma abin da aka samu da aka duba shi?

Motsi, da yadda tausayi ke ɓata shi

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da irin wannan ciwo ba tare da tiyata ba. Abin da ta goyi baya: wayar wa majiyyaci kai game da ciwonsa, atisaye mai tsari, wasu hanyoyin gashi irin su tausa da sarrafa gaɓoɓin baya da hannu, zaman gyara tunani da ɗabi'a da masanin halayyar ɗan Adam, da magungunan rage kumburi. Abin da ta ce kada a riƙa yi wa mafi yawan mutane: bel ɗin ɗaure ƙugu, jan baya da na'ura, da magunguna dangin Tramadol da Morphine.

Saboda haka idan 'yarku ta zaɓi likitan fisiyo (mai gashi da atisaye) da tafiyar ƙafa ta bar maganar tiyata, ba sakaci ta yi ba. Babu wani atisaye guda da ya kere sauran. Wanda mutum zai iya ɗorewa a kai shi ne mai kyau, tafiya ce, ninkaya ce ko motsin ƙarfafa tsokar ciki da baya.

Inda ake yawan kuskure shi ne awo. Ranar da ya ji sauƙi sai ya yi aikin mako guda, ya kwanta kwana uku, ya yanke cewa motsi na cutar da shi. Ga yadda masu gashi ke tsara abin. Ya auna minti nawa yake iya tafiya kafin ciwon ya tashi sosai, a ranaku uku daban-daban, ya ɗauki matsakaici. A ce minti 15 ne. Ya fara da ƙasa da haka, kamar minti 12, kullum, a ranar sauƙi da ranar wuya duka, kada ya ƙara don yau ya ji daɗi. Duk mako ya ƙara kamar kashi 10 cikin 100, wato minti ɗaya ko biyu. Ɗan ƙarin ciwo lokacin motsi wanda ke komawa yadda yake kafin washegari ba alamar ɓarna ba ne. Wanda ya wuce kwana guda, ko ya zo da sabon rauni ko mutuwar ƙafa, shi ne ke nuna a rage ko a koma wajen likita. A ba tsarin mako 8 zuwa 12 kafin a ce bai yi aiki ba.

Ranar da ciwon ya motsa, kwanciya kada ta wuce kwana ɗaya ko biyu. Jakar ruwan ɗumi da aka naɗe da zane, minti 15 zuwa 20, tana sassauta tsoka. Kada a yi barci a kanta, kada a ɗora ta inda fata ba ta ji.

Ga kuma naku ɓangaren, wanda ba shi da daɗin ji. Masu binciken ciwo mai daɗewa sun daɗe da lura cewa majiyyacin da 'yan gida ke karɓe masa kowane aiki, suna "zauna, bari in ɗauko maka", yakan fi naƙasa a kan wanda ake ƙarfafa masa gwiwa ya yi da kansa. Ku bar shi ya ɗauki abin da zai iya. Ku daina buɗe kowace gaisuwa da "ya bayan?". In kuna kusa, ku fita tafiyar tare.

Mai tausa ko mai sarrafa baya da hannu ba laifi ba ne idan yana tafiya tare da atisaye. Ku yi hattara da wanda ya ce ƙashi ne ya goce kuma sai an riƙa zuwa ana mayar da shi har abada, da wanda ya nemi a biya kuɗin zama masu yawa a dunƙule kafin a ga amfani, da wanda ya ce a jefar da maganin asibiti.

Ƙwayoyi

Nan ne damuwar iyaye ta fi cancanta, kuma nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya.

Magungunan rage kumburi irin su Ibuprofen, Diclofenac da Naproxen suna ɗan taimakawa, amma na ɗan lokaci ake sha, a mafi ƙarancin awon da ya yi aiki. Ibuprofen da mutum ya saya da kansa kada ya wuce miligiram 1,200 a rana sai da umarnin likita. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa biyu daga cikinsu, a sha wannan da safe wancan da dare don sunayensu sun bambanta, alhali dangi ɗaya ne: sauƙin ba ya ƙaruwa, haɗarin ne ke ninkuwa. Suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini. Mai olsa, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai shan maganin tsinka jini da mai juna biyu kada su sha sai likita ya duba. Baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini na nufin a daina a tafi asibiti.

Farasitamol shi kaɗai bai cika yin wani abin kirki ga ciwon baya ba. Iyakarsa ga babba miligiram 4,000 cikin awa 24, ƙasa da haka ga mai ciwon hanta ko wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba. A duba kwalin maganin mura, domin da yawa akwai shi a ciki.

Tramadol, Kodin da Morphine su ne babbar magana. A 2018 an wallafa wani bincike da aka yi a Amurka kan mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa da ƙugu, aka bi su shekara guda. Waɗanda aka ba irin waɗannan magunguna ba su fi waɗanda aka ba magungunan yau da kullum samun sauƙin gudanar da harkokinsu ba, sai dai illa da suka fi fuskanta. Jiki na sabawa da su, awon da ya yi aiki wata uku da suka wuce ya daina, sai a ƙara. Tramadol kuma na iya jawo farfaɗiya, musamman idan an zarce awo ko an haɗa shi da wasu magungunan baƙin ciki.

Alamomin da za su sa ku damu: maganin na ƙarewa kafin lokacinsa, ana karɓowa daga wurare daban-daban, gyangyaɗi da rana, fushi da gumi da gudawa idan ya yanke, ɓoye-ɓoye. Idan kun ga haka, kada ku kwashe ƙwayoyin ku zubar, kada ku sa shi ya rantse zai daina yau. Wanda jikinsa ya saba, yankewa farat ɗaya na jefa shi cikin wahala mai tsanani, sau da yawa ya koma nema a ɓoye. In kuma ya daina na wasu kwanaki sannan ya koma kan tsohon awonsa, jikin ya riga ya rage juriya, awon na iya kashe shi. Ragewa a hankali ake yi a hannun likita. Ga wanda ya shekara yana sha, ana iya tafiya da kamar kashi 10 cikin 100 a wata. Abin da za ku dage a kai shi ne kada a haɗa su da giya, da maganin barci irin su Diazepam, ko da Pregabalin ba da sanin likita ba, domin haɗin na danne numfashi. Idan an kasa tashinsa daga barci, numfashinsa ya yi jinkiri ko yana kakari, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura, a kwantar da shi ta gefe a nemi taimakon gaggawa. Akwai maganin karya ƙarfin dangin Tramadol da Morphine mai suna Naloxone. Ya tambayi likita ko ya dace a ajiye shi a gida.

Sai dangin Dexamethasone da Prednisolone, waɗanda wasu ke sha wata da watanni don suna sa jiki ya ji garau. Suna cinye ƙashi, su tada suga da hawan jini, har su kashe kan ƙashin cinya. Su ma ba a yanke su kai tsaye bayan dogon sha. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano su a ɓoye cikin kayan da ake tallatawa da sunan maganin tsirrai na ciwon gaɓoɓi. Idan "na itatuwa" ya ɗauke ciwo cikin kwana biyu, fuska kuma ta fara cika, a kai kwalbar wa likita. Ku ma kada ku miƙa masa ragowar maganinku don ya yi muku aiki.

Allura da tiyata

A raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: ciwon da ke tsaye a baya, da ciwon da ke harbawa ƙafa har ƙasan gwiwa, da minjirya ko mutuwar yatsu, saboda faifai ya danne jijiya.

Na biyun ne tiyata ta fi yi wa amfani. A wani bincike da aka wallafa a 2007 daga ƙasar Holan, an raba masu irin wannan ciwo gida biyu: wasu aka yi musu aiki da wuri, wasu aka jira. Waɗanda aka yi wa da wuri sun fi saurin samun sauƙin ƙafa, amma bayan shekara guda kusan kashi 95 cikin 100 na kowane ɓangare sun warke, ko da yake kashi 39 na masu jiran sai da aka yi musu aikin daga baya. Wato wanda ya zaɓi jira bai yi wauta ba, wanda ya gaji ya zaɓi aiki shi ma bai yi ba. Faifan da ya fito yakan motse da kansa a cikin watanni. Allurar da ake yi kusa da jijiyar na iya ba da sauƙi na wasu makonni, ba ta gyara komai na dindindin.

Ciwon da ke baya kaɗai labarinsa daban. Aikin haɗe ƙasusuwa biyu da ƙarafa da kusoshi bai nuna fifiko a fili a kan gashi mai tsari ba, har NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce kada a yi shi don irin wannan ciwo sai a cikin bincike. Ba a warware shi idan an yi, kuma gaɓoɓin da ke sama da ƙasa da wurin kan ɗauki ƙarin nauyi. Garin gyaran gira ana iya rasa ido. Yana da wurinsa, kamar karaya, ciwon daji, ko ƙashin da ya zame yana danne jijiya, amma a nan neman ra'ayin likita na biyu wajibi ne, kuma likitan kirki ba ya jin haushin hakan. Mai shan sigari ya sani cewa tana hana ƙashin haɗewa.

In ya yarda ku raka shi, ku tafi da biro da takarda, ku bar shi ya yi magana. Tambayoyin da suka fi fito da gaskiya: ciwon ƙafa aikin zai magance ko na baya? Cikin mutum goma irinsa, nawa ke samun sauƙi, nawa ke komawa a sake aiki? Me zai faru in an jira wata uku? Yaushe zai koma bakin aikinsa?

Yadda za a buɗe maganar

Ku zaɓi lokacin da ba ya cikin ciwo kuma ba a gaban matarsa, mijinta ko yara ba. Ku nemi izini: "Ɗana, akwai abin da ke damuna game da maganin nan, in faɗa?" Ku faɗi abin da idonku ya gani, ba hukunci ba. "Na ga kana yawan gyangyaɗi tun da aka ƙara maka awo" ta fi "ka zama ɗan ƙwaya" shiga kunne nesa ba kusa ba. Ku tambaye shi abin da ya sa ya zaɓi hanyar da ya zaɓa. Sau da yawa akwai dalilin da ba ku sani ba, tsoron shanyewa, ko tsoron rasa aiki in ya yi dogon jinya. Damuwa ɗaya a zama ɗaya ta isa. Turo masa bidiyon magani kullum a waya ba ya ƙara komai sai ya daina buɗe saƙonku, kuma zagayawa ta bayansa a kira likitansa ko a haɗa masa taron dangi na sa ya daina gaya muku gaskiya, wadda ita ce abin da kuka fi buƙata ranar da abu ya ɓaci. In ku ne ke biyan kuɗin magani, kuna da damar cewa ba za ku biya abin da kuke ganin cutarwa ne ba, amma ku faɗa a fili tun farko, kada ku mai da kuɗin sanda.

Ku sa ido kan barcinsa da yanayin ransa. Rashin barci da baƙin ciki na ƙara zafin ciwo, ciwon kuma na ƙara su, shi ya sa ake tura wasu wajen masanin halayya. Ba ana nufin ciwon a ka yake ba. Idan ya fara cewa ya zame muku kaya, ko gara ya huta da duniya, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi da tarin ƙwayoyi, a kai shi asibiti a ranar.

Idan kuma ya zaɓi abin da ba ku so amma ba mai haɗari ba ne, ku nemi yarjejeniya ɗaya: a sa wa'adi da ma'auni. Ba "ciwon ya tafi?" ba, domin daɗaɗɗen ciwo yakan hau ya sauka. A rubuta yau minti nawa yake iya tafiya, awa nawa yake barci, kwana nawa ya fasa aiki a wata, ƙwaya nawa yake sha a mako. Bayan mako 12 a sake dubawa. In alƙaluman sun gyaru, a ci gaba. In suna nan ko sun lalace, ya koma wa likita da takardar a hannu, a tattauna mataki na gaba.